Tambayoyi da Amsoshi Kan Kallon Namun Daji a Sansanonin Zakuma na Ƙasar Chadi

Wanda ya saba da Yankari zai ga Zakuma daban. Babu kwalta zuwa ƙofar sansani, babu shiga da safe a fito da la'asar, kuma rabin shekara ma dajin a rufe yake. Ga tambayoyin da masu niyyar zuwa suka fi yi.

Ina ne Zakuma, kuma ta yaya ake isa?

Gandun dajin Zakuma yana kudu maso gabashin Chadi, a yankin Salamat da Gera, kuma babban garin da ya fi kusa da shi shi ne Am Timan. An kafa shi a 1963, faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 3,000. Tun 2010 ƙungiyar African Parks ta karɓi ragamar kula da shi tare da gwamnatin Chadi.

Daga Njamena tafiyar ta kai kimanin kilomita 800 a mota. Akan bi ta Mongo, a kwana can, washegari a ƙarasa. Bayan Mongo hanyar ta fi wahala, don haka mota mai jan ƙafa huɗu ake buƙata, da tayoyin ajiya biyu, da jarkokin mai da na ruwa. Ba a tafiyar dare. Mai hali yakan ɗauki shatar ƙaramin jirgi, wanda ke sauka a filin da ke cikin dajin bayan awa biyu zuwa uku. Kafin ka tsayar da rana ka nemi bayanin halin tsaro na lokacin daga masu kula da dajin, musamman ganin yaƙin da ake yi a Sudan tun 2023.

Wane lokaci ya fi dacewa a je?

Ruwa ne ke yanke wannan hukunci, kuma shi ne ke yanke kusan duk abin da za ka gani a Zakuma. Daga Yuni zuwa Oktoba damina takan malale dajin. Ƙasar baƙar laka ce, idan ta sha ruwa ko taraktoci sai sun kafe, dabbobi kuma su bazu har wajen iyakar gandun. Ana karɓar baƙi ne da rani kawai, daga wajen ƙarshen shekara zuwa ƙarshen bazara.

A cikin ranin ma akwai bambanci babba. A Disamba da Janairu akwai sanyin hunturu, barci na da daɗi, amma ciyawa doguwa ce, ruwa kuma na nan a kowane lungu, saboda haka dabba ba ta da dalilin zuwa inda kake. Daga tsakiyar Fabrairu ƙananan kududdufai sun fara ƙafewa. Zuwa Maris da Afrilu sauran ruwan da ya rage sai a manyan fadamu irin su Rigek da kuma gurabun kogin Salamat, to a nan ne komai ke taruwa: ɓauna, raƙuman dawa, dari, tsuntsaye dubbai, da zakunan da ke jiransu. Sai dai a waɗannan watanni zafi yakan wuce digiri 40 da rana. Wanda jikinsa ba ya jure zafi, ko mai tafiya da dattijo, ya zaɓi Fabrairu. Wanda ke son ganin dajin a cikarsa ya zaɓi Maris, ya shirya wa gumi.

Mene ne bambancin Tinga da sansanin tanti?

Tinga tsohon masauki ne na dindindin a bakin rafi, mai ɗakuna zagayayyu da banɗaki a ciki da wurin cin abinci. Ya fi sauƙin kuɗi, kuma ya fi dacewa da iyali. Camp Nomade kuwa tantuna 8 ne kacal da ake kafawa kusa da fadama a kowane rani, a kwashe su kafin ruwa ya sauka. An ƙawata shi da darduma da shimfiɗu irin na makiyayan yankin, bangon tantin raga ne, wanka da bokiti. Tsadarsa ta ninka ta Tinga nesa ba kusa ba. Abin da kake biya shi ne kusanci: dabbobin da mutumin Tinga zai yi tafiyar mota kafin ya gani, kai daga kan gadonka kake hango su.

Yaya yini yake kasancewa?

Ana tashi tun asuba. Bayan salla da shayi, mota kan fita wajen ƙarfe 6, kafin rana ta ɗaga, domin awanni uku na farko su ne mafi albarka. Masu farauta ba su kwanta ba tukuna, sawun daren jiya na nan ɗanye a kan hanya, ba a taka shi ba. Wajen ƙarfe 10 zuwa 11 an dawo. Tsakar rana ba a zuwa ko'ina, dabbobi ma inuwa suke nema. Da la'asar sakaliya a sake fita har faɗuwar rana, wani lokaci a zarce da kewayen dare.

Abin da baƙi suka fi kuskurewa shi ne matsa wa direba ya yi ta yawo. A dajin da ruwa ya yi ƙaranci, mota da ta tsaya a inuwa kusa da mashaya, aka kashe inji, aka yi shiru na awa guda, ta fi wadda ta zagaye kilomita 50 ganin abubuwa. Da farko za ka ga kamar ba komai. Sai zabi su sauko, sai mugun dawa ya zo da jela a tsaye, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba. Can sai raƙumin dawa ya bayyana a bakin itatuwa, ya tsaya yana nazarin wurin na tsawon lokaci kafin ya buɗe ƙafafunsa ya sunkuya, domin a wannan tsayuwar ce zaki ya fi samun sa.

Waɗanne dabbobi ne tabbas, waɗanne ne sai an yi sa'a?

Ɓauna tabbas ce. A 1986 kimanin 220 suka rage a dajin, yanzu sun haura 10,000, kuma garke ɗaya kan kai ɗaruruwa, daga baƙaƙe har masu jan gashi. Raƙumin dawa ma tabbas ne. Irin na Kordofan ne, wanda ya kusa ƙarewa a duniya, kuma kusan rabin waɗanda suka rage ko fiye suna Zakuma. Haka dari da kanki da gwambaza da mariya da kwanta-rafi, da gwaggon biri da jan biri, da kadoji a kogin Salamat. Gwanki da barewa da jimina sukan fito a filayen da suka fi bushewa.

Zaki, idan ka yi kwana huɗu zuwa biyar a Maris, da wuya ka tafi ba ka gan shi ba. Damisa sai da dare, sai kuma rabo. Rabbi, mai gudun nan, ya fi damisa wuyar gani. Jakin dawa kuwa babu shi a wannan yanki gaba ɗaya, na gabashi da kudancin Afirka ne, kada hotunan talabijin su sa ka zo nemansa.

An ce Zakuma dajin giwaye ne. Me ya sa wasu ke dawowa ba su ga garken ba?

Tarihi ne ya jawo haka. A 2002 giwayen Zakuma sun haura 4,000. Mafarauta masu neman haure, da yawansu a kan dawakai da manyan bindigogi, suka yi ta kashe su har zuwa 2010 ya zama kusan 450 suka rage. Waɗanda suka tsira sai suka daina zama dangi-dangi kamar yadda giwa ta saba, suka dunƙule wuri guda suna gudu tare, kuma haihuwa ta kusa tsayawa cak. A 2011 ɗan giwa ɗaya tak aka ƙirga mai ƙasa da shekara biyar. Bayan da tsaro ya inganta suka koma haihuwa, zuwa 2018 irin waɗannan 'ya'yan sun kai 127, jimillar giwayen kuma ta haura 550. An biya wannan da rayuka: a 2012 mafarauta sun kashe masu gadin daji 6 a Heban, arewa da gandun, suna cikin sallar asuba.

Ma'anar wannan ga mai kallo ita ce, giwayen ba su bazu ko'ina ba. Ko dai ka same su da yawa a wuri ɗaya, ko kada ka ga ko ɗaya. Kuma sun fi son kurmin dushe mai duhu inda mota ba ta shiga. An ɗaura wa wasunsu na'urar bibiya a wuya, ɗakin sa ido na hedikwata na sanin inda suke, don haka jagora kan tambaya ta rediyo kafin a fita. Ko da an san wurin, iska ce ke da magana ta ƙarshe. Idan tana kaɗawa daga gare ku zuwa gare su, suka shaƙi warin mutum, sun tafi ke nan, ƙura kawai za ka gani.

Toraye daban suke. Wasu manyan maza sun saba zuwa hedikwatar dajin shan ruwa, har sukan miƙo hannu a zuba musu daga tiyo. Wannan ba ya nufin sun zama na gida, kuma ba a yin sa sai ma'aikaci na tsaye.

Ta yaya zan gane giwa ta fusata?

Giwar da ta baza kunnuwa, ta ɗaga kai, tana kaɗa shi, tana kururuwa da watsa ƙasa, gargaɗi take yi, so take ta ga kun ja baya. Wadda ta fi haɗari ita ce wadda ta manne kunnuwa a jiki, ta naɗe hannunta ƙarƙashin haɓa, ta sunkuyar da kai ta taho ba hayaniya. Namijin da ruwa ke zuba daga gefen kansa tsakanin ido da kunne, fitsari kuma na ɗiga a ƙafafunsa na baya, yana cikin lokacin zafin barbara, a ba shi hanya tun daga nesa. Kada mota ta taɓa shiga tsakanin uwa da ɗanta. Direban da ya san aikinsa yakan juya gaban mota zuwa mafita tun kafin ya kashe inji. Naka aikin shi ne ka zauna, ka yi shiru.

Motar a buɗe take. Me ke hana zaki faɗowa ciki?

Zaki yana ɗaukar motar da mutanen cikinta a matsayin abu guda babba, wanda ba abinci ba ne kuma bai taɓa cutar da shi ba. Wannan fahimta takan rushe ne idan wani ya miƙe tsaye, ko ya leƙo da rabin jikinsa, ko ya sauko. Nan take siffar mutum ta fito, zakin kuma ko ya gudu ko ya ɗauki mataki. Saboda haka dokokin ba su da yawa: a zauna, hannu da ƙafa a cikin mota, ba tafi, ba fito, ba kwaikwayon kukan dabba, waya a kashe mata sauti. Idan hula ko murfin kyamara ya faɗi, a gaya wa direba, shi ya san yadda zai ɗauko.

Wajen neman zaki, kunne ya fi ido amfani. Haushin gwaggon biri daga saman bishiya, ko garken dari da duk suka tsaya cak suna kallon gefe guda suna huci, ko ungulaye da suka sauka a kan bishiya amma suka ƙi sauka ƙasa, duk alamu ne cewa mai kisan na kusa.

Ni ba mai sha'awar tsuntsaye ba ne. Akwai abin da zai burge ni?

Da yawa sukan faɗi haka kafin su je. An ƙirga nau'in tsuntsaye sama da 370 a Zakuma, amma ba yawan nau'in ne ke ɗaure kai ba, yawan taron ne. A Rigek, yayin da ruwa ke janyewa kifi na taruwa a ɗan wuri, za ka ga kwasa-kwasa sun jeru suna kora kifi tare, borin tunku na tsaye a gefe yana jiran rabonsa, dinya da kirinjijiya sun rufe bakin ruwa, gauraki kuma ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, suna ta kukansu.

Sai janbaki. Duk manomin gero da dawa ya san ɓarnarsa, manoman masakwa na yankin Salamat ma ba sa ƙaunarsa, amma a nan miliyoyinsa ke kwana. Da sassafe da kuma gab da magariba sukan taso zuwa ruwa kamar hayaƙin gobarar daji, garken na murɗewa yana sauka yana tashi, ƙarar fukafukansu na cika kunne. Idan suka sauka a kan bishiya nauyinsu kan karya reshe. Shirwa da shaho na kutsawa cikinsu, waɗanda suka faɗa ruwa kuma kada da tarwaɗa na jira. Fabrairu zuwa Afrilu ne lokacinsu. Ka rufe kyamararka da kanka idan kuna ƙarƙashin hanyarsu, kashinsu na zuba kamar yayyafi.

A gaɓar kogin Salamat akwai jajayen tsuntsaye masu cin ƙudan zuma da ke haƙa ramukan sheƙarsu a bangon gaɓa. A ƙasan wannan gaɓar kuma kadoji kan haƙa koguna su shige don tsira daga zafin bazara.

Me ake gani a kewayen dare?

Akan fita da fitila mai ƙarfi, mai riƙe da ita na share daji da haske yana neman ƙyallin ido. Magen juda, dila, kura, beguwa, dage, kyanwar daji, zomo da mujiya su ne 'yan kullum. Damisa da sayaki da dabgi sai an dace. Ba a dallare idon dabbobin rana kamar barewa da raƙumin dawa, domin hasken na makantar da su na ɗan lokaci, mai farauta ya samu banza. Giwa ma ba a haska mata fuska. A Disamba da Janairu ka riƙe rigar sanyi, iskar buɗaɗɗiyar mota da dare ba ta da wasa.

Ana tafiya a ƙasa?

Ana yi, da sassafe, tare da jagora da mai gadin daji ɗauke da bindiga, kuma yawanci awa biyu zuwa uku ne. Ana tafiya a layi ɗaya, masu makami a gaba, ba magana sai da alamar hannu ko ɗan ƙyasta yatsa. Jagora kan riƙa barbaɗa toka ko ƙura don ya ga inda iska ta dosa, kuma kullum a kan nufi dabba ta inda iskar ke busowa daga gare ta zuwa gare ku.

Kada ka sa ran kusantar manyan dabbobi kamar a mota. Ribar tafiya a ƙasa ita ce karatun sawu. Sawun zaki da na damisa ba sa nuna farce, na kura yana nunawa. Kashin kura fari ne fat saboda ƙashin da take taunewa. Daga ɗumin kashin giwa ake gane ko yanzu ta wuce.

Doka mafi girma ita ce kada ka gudu. Duk abin da zai iya cutar da kai a wannan daji ya fi ka sauri, kuma gudu ne ke tayar wa zaki da sha'awar bi. Ka tsaya bayan jagora, ka yi abin da ya ce ko da ya saɓa wa abin da zuciyarka ke raya maka. Wanda masu gadi suka fi shakka ba zaki ba ne, tsohon namijin ɓauna ne da ya ware daga garke ya kwanta a cikin ciyawa kusa da ruwa, domin ba ya gargaɗi.

Dabbobi na shigowa sansani da dare?

Suna shigowa, babu shinge. Kura kan zagaya madafa, zaki kan wuce zuwa ruwa, giwa kan ci ganye a bayan ɗaki. Muddin kana cikin ɗaki ko tanti a rufe, ba ruwansu da kai. Kada ka fito bayan an kwanta sai da rakiyar ma'aikaci, ko da fitsari ne ya matsa. Kada ka ajiye abinci a tanti, ko da dabino ne ko kilishi: da dare yana jawo kura da dage, da rana kuma gwaggon biri, wanda ya iya buɗe jaka. Takalmi a shigar da shi ciki, domin kura na tauna fata, da safe kuma a zazzage shi saboda kunama. Kullum tocila a hannu idan duhu ya yi, kana haska inda za ka sa ƙafa, don kasa ba ta gudu idan ta ji tafiya, kwanciyarta take yi.

Yaya ake fama da zafi?

A Maris da Afrilu babban mutum na buƙatar lita 4 zuwa 5 na ruwa a yini, kuma ba a jira sai an ji ƙishi. Iskar busasshiya ce, gumi na bushewa kafin ka lura ka yi shi. Alamun farko su ne ciwon kai, kasala, da fitsari kaɗan mai duhu. Ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da jiki ya zubar, don haka a riƙe ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. Idan babu, a haɗa: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Rawani ko mayafi da aka jiƙa aka yafa a wuya yana rage zafi sosai. Wanda ya fara ruɗewa ko magana ba kan gado, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita, a kira hedikwata ta rediyo nan take.

Salla, azumi da abinci fa?

Yankin na Musulmi ne galibi, yawancin direbobi da masu gadi ma salla za su yi, don haka tsayawa ba matsala ba ce. Sai dai jagora ne ke zaɓen wurin, fili buɗaɗɗe da ake hango ko'ina, kusa da mota. Ka riƙe butarka da ruwanka. Kada ka kuskura ka je alwala a bakin kogi ko fadama, ko da ruwan bai kai gwiwa ba, kada na kwanciya a inda ba ka zato.

A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa ne a cikin lokacin buɗe dajin. Mai azumi ya yi fitar safe, ya kwanta da rana, ya ɗauki ruwa da dabino a fitar yamma domin magariba za ta same shi a daji. Ya bar tafiyar ƙasa, ita da azumin bazara ba sa haɗuwa. Game da abinci, mai ciwon sukari ko wanda wani abinci ba ya karɓarsa ya sanar tun lokacin kama wuri, domin kayan miya daga nesa ake kawo su, ba a sayo su rana tsaka.

Wane kaya zan ɗauka?

Tufafi masu launin ƙasa, ruwan toka ko kore mai duhu, na auduga, masu dogon hannu. Fari na hasko ka daga nesa. Baƙi da shuɗi kuwa su ne launukan da ke jawo tsando, wanda cizonsa ke ratsa riga, kuma akwai shi a kurmin bakin kogi. Babbar riga da doguwar abaya kan maƙale a ƙaya da ƙarfen mota, a bar su sai zaman sansani. Takalmi rufaffe, hula mai faɗi, man shafawa na leɓe da na ƙafa saboda hunturu.

Madubin hangen nesa ya fi kyamara muhimmanci, kuma kowa ya zo da nasa, karɓa-karɓa na sa a rasa abin kallo. Mai lamba 8x42 ko 10x42 ya wadatar. Idan da ƙaramin jirgi za ka shiga, jaka mai laushi ake so ba akwati ba, nauyin da aka saba yarda da shi kuma wajen kilo 15 ne.

Wayata ta isa ɗaukar hoto?

Ta isa ga garken ɓauna, faɗuwar rana da bidiyon janbaki. Ga zaki a nesa ko tsuntsu, sai kyamara mai dogon gilashi, milimita 300 zuwa sama. Babban abokin gaba shi ne ƙura: kada ka canza gilashi mota na tafiya, ka rufe kyamara da zane tsakanin ɗauka da ɗauka. Ka nemi direba ya kashe inji kafin ka danna, girgizarsa na ɓata hoto. Wuta a sansani ba ta da yawa, a zo da batir na biyu da abin cajin tafi-da-gidanka. Jirgi marar matuƙi ba a tashinsa sai da izini a rubuce, kuma a kan hanya kada ka ɗauki hoton soja, shingen bincike ko ginin gwamnati.

Wane shirin lafiya ya kamata in yi?

Katin rigakafin shawara dole ne wajen shiga Chadi. Zazzaɓin cizon sauro na nan ko da rani, a ga likita kan maganin kariya, a kwana cikin gidan sauro. Rigakafin sanƙarau ma na da kyau, domin lokacin ziyarar shi ne lokacin cutar a yankin Sahel. Ba a wanka a fadama saboda tsargiya, ga kuma kadoji. Mai shan magani kullum ya zo da abin da zai ishe shi har da ƙari, babu kantin magani a kusa. Babban asibiti na da nisa ƙwarai, saboda haka inshorar da ta haɗa da ɗaukar majiyyaci a jirgi ba almubazzaranci ba ce.

Zan ga karkanda?

Kada ka ɗora tafiyarka a kan haka. Baƙar karkanda ta ɓace daga Chadi tun farkon shekarun 1970. A Mayun 2018 aka kawo 6 daga Afirka ta Kudu, 4 suka mutu cikin watanni, ba don farauta ba, jikinsu ne bai samu abin da yake buƙata daga ganyayen wurin ba. A Disambar 2023 aka sake kawo 5. Ana tsaronsu sosai, kuma dabba ce mai son duhuwa.

Ana zuwa da yara?

Tinga ya fi dacewa da su. A tambayi mafi ƙarancin shekarun da kowane sansani ke karɓa kafin a biya kuɗi, kuma ba a kai ƙananan yara tafiyar ƙasa. Yaron da ba zai iya zama shiru na awa uku ba gara a ɗaukar wa iyalinsa mota ta daban.

Ban da dabbobi, akwai wani abin yi?

Akwai. Da rani Larabawa makiyaya kan sauko kewayen dajin da shanu da raƙuma, kasuwanninsu na mako-mako kuma na ci a ƙauyukan da ke bakin iyaka, ana cinikin dabbobi, man shanu, tabarmi da kayan doki. Larabcin Chadi ne harshen ciniki, Faransanci na ofis. A nemi izini kafin ɗaukar hoton kowa, musamman mata. Akan kuma shirya ziyarar hedikwata don ganin ɗakin sa ido da dawakan da masu gadi ke sintiri da su, waɗanda ke shiga inda mota ba ta iyawa.

Kwana nawa ya isa, kuma da wane kuɗi zan zo?

Ƙasa da kwana 4 a cikin dajin asara ce idan aka dubi wahalar hanya. Mako guda ya fi, domin yana ba da damar sake gwada garken giwaye idan iska ta ɓata yunƙurin farko, da kwana ɗaya a kudancin dajin inda baƙi ba su cika zuwa ba. A kama wuri da wuri, watanni kafin tafiya, gadajen kaɗan ne.

Kuɗin Chadi sefa ce ta Afirka ta Tsakiya, irin ta Kamaru. Wanda ya taso daga Nijar ya lura cewa sefarsa ta Afirka ta Yamma ce, darajarsu ɗaya amma takardun daban, sai ya canza a Njamena. A zo da tsabar kuɗi, har da ƙananan takardu don kasuwa da ihsani ga direba da ma'aikata, domin babu na'urar cirar kuɗi a dajin. Layin waya ma ba abin dogaro ba ne, sadarwar motoci da sansani ta rediyo ce. Ka bar wa iyalinka lambar ofishin da ya shirya maka tafiyar, ka kuma gaya musu ranar da za su sake jin muryarka.